Lokaci yana ɓace mini, wane likita zan gani?

Assalamu alaikum Anti. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni matar aure ce, shekaruna 27, muna zaune a Funtuwa da ɗanmu guda. Damuwata ita ce lokaci yana ɓace mini. Sai in ɗora tukunya da hantsi, ban farga ba sai ana kiran la'asar, abin da ya faru a tsakani ban sani ba. Maigidana ya ce idona biyu, ina kai da kawo, ina ma amsa magana, wani sa'in da muryar ƙaramar yarinya. Akwai ranar da na tsinci kaina a bakin tasha, ban san abin da ya kai ni ba. Wasu ranaku kuma ji nake kamar ina gefe ina kallon jikina yana aiki, hannuna kamar ba nawa ba.

Abin ya faro tun ina yarinya a gidan da aka kai ni riƙo, inda aka yi mini abubuwan da har yau bakina ya kasa faɗa. Ya lafa shekaru, sai ya dawo da ƙarfi bayan 'yan bindiga sun faɗa wa ƙauyenmu ina can ganin gida.

Dangi sun ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, wani har bulala ya sa mini. Da muka je wani asibiti, likitan bai bari na kai aya ba ya rubuta ƙwayoyi. Barci suke sa ni da nauyin jiki, amma abin yana nan. Yanzu uwar mijina ta fara cewa kada a bar ni da yaro. Anti, ina zan samu likitan da ya san irin wannan ciwo?

Ɗiyarki daga Funtuwa.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu, kin sha wuya, kuma na yarda da duk abin da kika faɗa.

Abin da kika bayyana ya yi kama da abin da likitoci ke kira disosiyeshan, wato tsinkewar hankali, inda tunani da tunawa da jin jiki, waɗanda a ka'ida tare suke tafiya, suke rabuwa. Yawanci yana samo asali ne daga azabar da aka sha a yarinta. Yaron da ba shi da wurin gudu, hankalinsa ne ke gudu ya bar jikin a wurin. Dabarar ta cece ki a gidan riƙo, sai dai ta zame miki jiki, shi ya sa tashin hankalin ƙauyenku ya sake tayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa waɗannan cututtuka rukuni guda a kundinta na sunayen cututtuka, ICD-11, da ya fara aiki a 2022. A ciki akwai mantuwar da ba ta da dalili a jiki, akwai jin jiki kamar ba naka ba, akwai rarrabuwar mutum zuwa halaye daban-daban, har da yanayin da mutum ke ji kamar wani abu ya hau kansa. Wanne ne naki, likita ne zai yanke bayan ya zauna da ke.

Kafin a kai nan, dole a fara kawar da farfaɗiya. Mutanenmu sun san mai kayar da mutum yana kumfa, amma akwai wadda ba ta kayarwa: mutum ya ƙura ido, yana tauna baki ko yana murza riga, minti ɗaya ko biyu, ya dawo bai san an yi ba. Ita maganinta daban ne. Saboda haka ki nemi a yi miki gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a kai a auna aikin ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura. A duba sukarin jininki, a tambaye ki ko kin taɓa buguwa a kai. In kina shan wani abu don samun barci, ko da na kemis ne ko na gargajiya, ki faɗa ba kunya.

Kada ki ɓata lokaci kina neman likitan da aka rubuta sunan wannan ciwo a ƙofarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan asibitoci suke. Can za ki dosa. Mafi kusa da ke shi ne sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyarku ta zuwa Zariya. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu irin damuwarki a yankin Sakkwato suna da na Kware, na Borno suna da na Maiduguri. Ki karɓi takardar turawa daga babban asibitin garinku, tana rage wahalar layi. In kin shiga, ki roƙi ganin babban likita, konsoltan, sannan ki ce a haɗa ki da masanin halayyar ɗan Adam na asibitin. Wannan na biyun shi ne zai fi daɗewa tare da ke, domin babu ƙwayar da ke warkar da tsinkewar hankali ita kanta. Ƙwayoyi suna taimakon baƙin ciki, fargaba da rashin barci, amma asalin maganin zama ne ana magana, mako bayan mako, wani lokaci har shekaru.

Kada ki je hannu rabbana. Ki sayi ƙaramin littafi tun yau, duk ranar da abin ya zo a rubuta lokacin da ya fara, lokacin da kika dawo, da abin da ya faru gabaninsa, ko ƙarar babur ce, ko faɗa, ko wani wari. Da yardarki, maigida ya ɗauki bidiyo a waya, don likita kaɗai. Shi ma ya raka ki, tunda ya ga abin da ke ba ki gani ba. Ki tafi da kwalin ƙwayoyin da aka ba ki, kuma kada ki yanke shan su da kanki, wasu in an daina farat ɗaya suna jawo wata matsalar. Na nanata wannan shiri ne saboda sau da yawa ana rikita ciwon nan da wasu nau'o'in taɓin hankali, mutum ya yi shekaru yana shan maganin da ba nasa ba.

Yadda za ki gane kin faɗa hannu nagari: zai ba ki lokaci, zai yi tambaya kan ɓacewar lokacin dalla-dalla, ba zai yi miki dariya ba, ba kuma zai matsa miki ki kwashe labarin gidan riƙo a zaman farko ba. Masu aikin sun san mataki uku ne. Ana fara da natsuwa da tsaro, sai a taɓa tsohon ciwo a hankali idan kin yi ƙarfi, sannan a koma gina rayuwa. Wanda ya fara da tono, ki nemi a canza miki shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, a kuma sa shi cikin shawarar maganinsa.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ki riƙe su, ba su hana zuwa asibiti. Bulala kuwa a daina ta daga yau. Wadda duka ya jawo mata ciwo, ƙarin duka ƙarin ciwo ne, kuma ina so maigidanki ya tsaya tsayin daka a kan wannan ko waye ya kawo shawarar.

Maganar uwar mijinki ta yi miki zafi, na sani, amma tsoron da take ji wa jikanta ba laifi ba ne. Maimakon a raba ki da ɗanki, a samo ƙanwa ko wata 'yar'uwa ta zauna da ku, ta kama miki girki da fita unguwa har magani ya kankama. In kin ji abin yana tasowa, ki taka ƙasa da ƙafa ba takalmi, ki wanke fuska da ruwan sanyi, ki faɗi sunanki da na garin da ranar da ake ciki da ƙarfi. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ko kika ga rauni a jikinki ba ki san inda kika samo shi ba, kada ki jira ranar da aka ba ki, a kai ki sashen gaggawa a ranar.

Ki nuna wa maigida wannan amsa, ku sa ranar tafiya Shika. In kun dawo ki rubuto mini abin da likita ya ce. Allah Ya ba ki lafiya.

Antinki.