Ƙaramin akwatin intanet na talabijin da hannun gem

Tambaya: Malam, talabijin ɗinmu ba ta hawa intanet, kuma an ba ni shawarar sayen ƙaramin akwatin Android. Wanne ya dace, kuma zai karɓi hannun PlayStation 4 na yara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, da farko a duba bayan talabijin ɗin, domin duk waɗannan na'urori ta kafar HDMI ake jona su. Idan akwai ta, shawarata ita ce Fire TV Stick na Amazon ko Google TV Streamer, wanda ya maye gurbin tsohuwar na'urar Google mai suna Chromecast a 2024.

Akwatunan nan masu arha marasa sunan kamfani su ne ke damuna ƙwarai. Masu binciken tsaron intanet sun gano cewa wasunsu kan zo da muguwar manhaja tun kafin a sayar, har hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2025, kuma na'urar da za ki saka adireshinki na Gmail da kalmar sirrinki a cikinta ba abin sakaci ba ce. Idan wani akwatin Android daban za a saya, a tabbatar yana da shaidar Play Protect, wato shaidar tantancewar tsaro ta Google.

Ki kuma lura da data, domin Netflix na cewa kallon hoto mai inganci na awa ɗaya kan ci har gigabayit 3.

Hannun PlayStation 4 yana haɗuwa ta Bluetooth, amma ƙananan wasannin Android zai buga, akwatin da kansa ba ya ɗaukar wasannin PlayStation.