Na Fi Jin Daɗin Shirin Saƙa Fiye da Saƙar Kanta, Shin Lalaci Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Tun lokacin da aka sa dokar kulle saboda korona a 2020, sai in wuni ina zazzage ragowar ulun da nake da shi, ina jera launi kusa da launi, ina rubuta abubuwan da zan saƙa, amma har yau ko hula ɗaya ban kammala ba. Daɗi kam ina ji, sai dai zuciyata na ce mini ɓata lokaci ne. Mene ne shawararki?

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki daina tuhumar kanki. A watan Maris na 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, kusan komai ya fita daga hannunmu, a lokacin har ranar da za mu ga dangi ba mu sani ba. Shirin saƙa kuwa ke ce mai yanke hukunci a cikinsa: ja zai bi shuɗi ko fari, wa za a yi wa, yaushe za a fara. Wannan ikon ne yake sanyaya miki rai, kuma ni a wurina shiri rabin saƙa ne.

Abin da zan ƙara miki shi ne ki sauko da shirin daga takarda zuwa hannu. Ki saƙa ɗan gwaji da ya ɗan zarce santimita 10 tsaye da kwance, da zaren da allurar da kika zaɓa. Ki wanke shi, ki shimfiɗa ya bushe, domin ulu kan saki ko ya tsuke bayan ya sha ruwa. Sannan ki ƙirga madaukai nawa ne a cikin santimita 10. A ce kin samu 20, kuma hular da kike so kewayenta santimita 50 ne, to da madauki 100 za ki fara. Masu saƙa da yawa suna ƙyamar wannan gwaji don suna ɗokin babban aikin. Ni kuwa nan na fi jin daɗi: kafin dare ya raba kin taɓa yadda saƙar za ta kwanta a jiki, kin ga ko launukan sun jitu, in ba su yi ba ki warware ba tare da baƙin ciki ba.

Ragowar zaren kuma, ki ɗora kowane dunƙule a kan ƙaramin sikeli. Idan takardar da ke jikinsa ta ce giram 100 mita 200 ne, kuma naki ya rage giram 60, kina da mita 120 ke nan, hular yaro ta samu. Shafin intanet na masu saƙa mai suna Ravelry, wanda aka buɗe a 2007, yana ba da damar neman tsarin saƙa gwargwadon tsawon zaren da mutum yake da shi.

Ki kuma duba lambar rini a takardar. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma daga rini daban sukan bambanta kaɗan, kuma da rana bambancin yake tona kansa. Idan ba ki samu irinsa ba, ki raba su da ratsin wani launi, babu wanda zai gane.

Cikin jerin nan naki ki zaɓi mafi ƙanƙanta, ki ɗora madaukansa a kan allura yau ɗin nan. Sauran su ci gaba da zama a littafin, kina leƙa su duk lokacin da gidan ya yi miki shiru.