Ciwon Suga: Shin Sai Na Rabu Da Tuwo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 48. Makon jiya aka auna ni kafin in karya, suga ya kai 190, aka ce ciwon suga ne, aka ɗora ni kan maganin metformin. Yanzu kowa da shawararsa: wannan ya ce in bar tuwo in koma alkama da acca, wancan ya ce in riƙa sa zuma maimakon suga. Ina mafita?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ba sai kin rabu da tuwo ba, yawansa ne abin dubawa. Alkama da acca su ma idan kika cika kwano da su, suga zai hau. Ki kasa farantinki huɗu: kashi biyu ganye, irin su zogale, rama da alayyafo, kashi ɗaya kifi, nama, ƙwai ko wake, ragowar kuma malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki.

Abin sha ya fi tuwo ɓarna. Lemon kwalba, zoɓo mai suga, kunu, shayi mai kaurin madara da suga, duk nan da nan suke shiga jini. Zuma kuwa suga ce, ki yi nesa da ita.

Ki riƙa tafiya da ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako. Zagayen tsakar gida bayan cin abinci ma yana taimakawa.

Metformin a tsakiyar cin abinci ake sha, domin yakan kawo tashin zuciya da gudawa a makonnin farko, sannan ya lafa. Don Allah kada ki ajiye shi don kin ji garau, ko don an kawo miki jiƙo. Ana so awon safe ya tsaya tsakanin 80 da 130. Idan aka ƙara miki wani maganin rage suga, wato ƙwayar glibenclamide ko allurar insulin, tsallake abinci na iya kai suga ƙasa da 70, ki ji rawar jiki da zufa. Nan take ki sha suga cokalin shayi huɗu a ruwa, ki sake awo bayan minti 15.

Kullum da dare ki duba ƙafafunki har tsakanin yatsu. Ciwon yana dakusar da jijiya, ƙaya ta soke ki ba ki sani ba. Ki daina yawo ba takalmi, kuma da hunturu kada ki kara ƙafa kusa da kaskon gawayi.