JPEG, TIFF ko PSD, da wanne za ka ajiye hoto in ka gama gyara?

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoton biki a Tudun Wada: Salam Malam. Ina aiki da kyamarar Canon, in na gama gyara a Photoshop sai in ajiye JPEG in goge RAW ɗin, wato ɗanyen hoton yadda kyamara ta ɗauko shi, saboda wuri. To wata amarya ta dawo tana so a sake taɓa hoton kamunta a buga mata babba na bango, ina ƙara haske kawai sai labulen bayanta ya koma layi-layi, fuskar ma ta dagule. Me ya jawo?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. JPEG ɗin nan shi ya ja maka, kuma ba laifinsa ba ne, aikin da ba nasa ba ka ɗora masa. Tun 1992 da aka fito da shi manufarsa ita ce rage nauyin hoto, yana yanka hoton ne gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da duk abin da yake ganin ido ba zai lura ba, kuma abin da ya zubar ya tafi kenan. Ka buɗe ka gyara ka sake ajiyewa a JPEG, zai sake zubar da wani, kamar dai ka yi fotokwafin fotokwafi. Amma a lura, buɗewa kawai don kallo ko kwafa daga fulash zuwa kwamfuta ba ya rage komai, mutane na yawan ruɗewa a nan.

Layi-layin labulen kuma daga wani wuri ya fito. JPEG bit 8 ne, wato matakai 256 kacal yake riƙewa a kowace kala, ja da kore da shuɗi. RAW na kyamararka, CR2 ko CR3, yawanci bit 14 ne, matakai 16,384 kenan. To in ka ja haske da ƙarfi a kan 256 ɗin nan ba su isa su cike tsakani ba, shi ne za ka ga labule ko sararin sama ya rabu zobe-zobe maimakon ya sauka a hankali. Na wannan amaryar dai gaskiya sai lallaɓawa, ka ɗan watsa masa tsaki-tsaki, wato Noise, a Photoshop ya ɓoye layukan, kuma kar ka matsa wa hasken.

Nan gaba abu uku nake so ka riƙa bari. RAW yadda ya fito daga kyamara, kar ka taɓa shi. Sai uwar aiki, wato hoton da ka gama gyarawa da leyoyinsa (shimfiɗun gyaran da ka ɗora ɗaya kan ɗaya), a TIFF mai bit 16 ko PSD, fayil ɗin Photoshop na kansa. Sai JPEG mai kwaliti sosai a tsarin kala na sRGB, shi ne na kwastoma da na kai wa masu buga hoto.

Ni TIFF na fi so a kan PSD in maganar ajiya ta shekaru ake. Tsohon hannu ne, tun 1986 yake, kusan kowace manhajar hoto tana buɗe shi, kuma Photoshop na iya ajiye leyoyi a cikinsa. PSD kuwa da manhajojin Adobe, kamfanin da ya yi Photoshop, ya fi jituwa, ga shi ba ya wuce 2GB sai ka koma PSB, yayansa na manyan fayiloli, ranar da kuɗin sabskirbshin na Photoshop ya gagare ka da wannan tsadar dala za ka gane abin da nake nufi. Wajen ajiye TIFF ɗin ka zaɓi ZIP, yana matse fayil ba tare da zubar da komai ba, LZW, wani zaɓin matsin, a hoto mai bit 16 wani lokacin ƙara masa nauyi ma yake.

Na san za ka ce wuri fa Malam. Eh akwai nauyi, hoton megafiksel 24 a TIFF bit 16 ba matsi yana kai 144MB tun kafin a sa leya ko ɗaya. Ai ba duka za ka yi wa haka ba, cikin tulin hoton kamu da walima da dina waɗanda ka zauna ka yi wa aikin fata da gyaran gwaggwaro su ne za su samu TIFF, saura RAW da JPEG sun wadatar.

Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da leshi daga Unguwar Rimi ta ce: hotunan iPhone ɗina HEIC suke fitowa, kwamfutar shago ta ƙi buɗewa, kuma in na tura wa mai yi min talla ta WhatsApp kalar kayan sai ta dushe.

Hajiya tun 2017 iPhone ta koma HEIC, ya fi JPEG rashin nauyi amma tsofaffin kwamfutoci ba su san shi ba. Ki shiga Settings, Camera, Formats, ki zaɓi Most Compatible, daga nan JPEG za ta riƙa ɗauka. WhatsApp kuma matse hoto yake, ki tura a matsayin Document zai isa yadda yake. Tambarin shagonki da ake ɗorawa a kan hoto shi PNG za ki sa a ba ki, don shi ne ke barin bayansa fayau ba farin akwati.

Wani ɗalibi daga Kadpoly: ni Lightroom, wata manhajar gyaran hoto ta Adobe, nake amfani da shi, shi ma sai na fitar da TIFF?

Ba dole ba. Lightroom ba ya taɓa RAW ɗinka sam, gyaran naka yana rubuce ne a wani fayil daban da ake ce wa katalog, kuma haɗarin kenan, in katalog ya lalace ko NEPA ta ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, hotuna na nan amma aikin da ka yi musu babu. Ka kunna masa ya riƙa rubuta XMP, ɗan ƙaramin fayil ne da ke zama kusa da kowane RAW ɗauke da gyaran, in za ka kwafa ka kwashe su tare. Ko ka mayar da RAW ɗin DNG, wani irin RAW da Adobe ta fitar a 2004, shi gyaran a cikinsa yake zama. Sai dai wata manhajar ba lallai ta fassara gyaran Lightroom daidai ba, shi ya sa hotunan da kake ji da su ka fitar musu da TIFF ko da guda-guda ne.

Kuma don Allah kar ka ce fulash ɗin da ka saya a bakin titi shi ne ma'ajiyarka, akwai na jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka cika shi ka tarar fayiloli sun ƙi buɗuwa. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a had disk na waje da ba a bari a jone, zaɓaɓɓun kuma ka ɗora a Google Drive, 15GB ɗin kyautar nan zai ɗauki JPEG masu yawa. Sunan folda ka fara da shekara da wata, misali 2024-12-kamu-Barnawa, za su jeru da kansu.