Ni soja ne, zan iya kafa ƴar tashar rediyona a bariki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kofur ne a ɗaya daga cikin barikokin nan na Kaduna, tun ina yaro nake son harkar rediyo, sai kwanan nan naji ashe akwai masu haɗa ƴar tasharsu a gida suna hira da mutanen wasu ƙasashe ba kati ba data, wai rediyon ham. Har na sayi oba-oba ƙirar Baofeng ina shirin ɗaura eriya a bayan kwatas, sai wani abokin aikina yace zan ja wa kaina. Dan Allah ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam. Kofur, abokin nan naka masoyinka ne, ka dakata da ɗaura eriyar nan tukunna. Wallahi naji daɗin tambayarka dan masu wannan sha'awar sun yi ƙaranci a Arewa, bana son ka fasa, amma kuma bana son ta kai ka gadurum.

Soja ko farar hula, ba a watsa magana a iska sai da lasisi, dokar na nan tun 1961. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya zaka nema, in an baka zaka samu lambar kira mai farawa da 5N, alamar Najeriya kenan a duniya. Ƙungiyar masu wannan harka ta ƙasa, NARS, zasu nuna maka hanya.

Toh amma kai lasisi kaɗai bai isheka ba, nan ne nake so ka saurara da kyau. Abin da ke tashi a iska daga cikin bariki hurumin kwamanda ne da mutanen sigina, wato sashen sadarwa na soja. Eriyarka na iya shiga cikin na'urorinsu ta dama musu magana, sannan duk lokacin da ka danna maɓallin magana akwai na'urar da ke iya gano ta inda siginar ta fito, uwa uba ƙa'idar duniya ta hana ƴan ham ɓoye maganarsu da lambobin sirri, kaga duk abin da ka faɗa wanda ke da irin oba-obarka zai ji, har wanda ke cikin daji. Ko "gobe zamu tafi aiki" ka ce wa wani cikin raha, ka riga ka bada labari. Shi yasa a bakin daga kar ma ka saka ta a jaka, rediyon aiki kuma ba a hirar sha'awa da ita ko ta minti ɗaya.

Ba wai soja da ham basa haɗuwa bane. A Amurka tun 1925 sojan ƙasa suka jawo ƴan ham a jiki, a 1948 tsarin ya koma MARS, wato shirin haɗin gwiwar soja da ƴan ham, lokacin yaƙin Biyetnam ta nan sojoji ke jin muryar iyalansu, a kama siginar a Amurka a jona ta da wayar tarho ta gida, miji ya yi magana yace oba, matar ta amsa tace oba. Amma da izinin hukuma aka yi, da tashoshin da aka ware.

Sai maganar Baofeng ɗinka, wajen zangon megahaz 144 da 430 take aiki, ƴan kilomitoci zata kai ka, ba dai ƙasar waje ba. Hira da nesa sai gajeren zango, dangin wanda aka riƙa kama Rediyon Najeriya Kaduna a mita 49 a da. Ƴan ham sunfi hawa mita 20 da mita 40, ta mita 20 ɗin waya mai tsawon kamar mita 10 ka raba biyu ka ɗaga sama ta isa eriya.

Ka rubuta takarda ta hannun oganka ta bi layi har ofishin sigina, amsar ma ka karɓe ta a rubuce, kar ka yarda da "je ka yi" na baki dan oga na iya samun canjin wurin aiki. In sun hana, ka kafa tashar a gidanku cikin gari ka riƙa hawa in kana hutu, shi ma ka sanar dasu.