Yaya Ake Sanin Kakannin Damisar da Aka Haifa a Keji?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne a Maraɗi, ina kiwon jajayen awaki a gidanmu. An turo mini wani bidiyo a WhatsApp na wata farar damisa mai baƙin ratsi da ta haihu a gidan namun daji a ƙasar waje. Mai bayanin ya ce an san uwarta da ubanta har kakanninta, kuma wai irinta ya kusa ƙarewa, shi ya sa ake hayayyafa ta. Abin ya ɗaure mini kai. Mu nan ko bunsurun da ya yi wa akuya barbara ba kullum muke saninsa ba. Ta yaya ake riƙe asalin naman daji? Wa ke yanke wadda za a haɗa da wane? Kuma da gaske farar ta kusa ƙarewa?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a kiwo. Maganar sanin kakanni gaskiya ce. Maganar farar kuwa akwai gyara babba a cikinta, zan zo kanta.

Dabbar da ka gani ba damisarmu mai ɗigo-ɗigo ba ce. Babbar damisar Asiya ce mai ratsi, wadda ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba. Wajen shekarar 1900 an ƙiyasta akwai kimanin 100,000 a daji. A 2010 sun dawo kusan 3,200. Ƙiyasin 2023 ya kai su wajen 5,500, fiye da 3,600 daga ciki a Indiya. Kuma ba tsatso ɗaya ba ne: akwai ta Bengal, ta Amur a gabashin Rasha mai jure sanyi, ta tsibirin Sumatra wadda ta fi kowace ƙanƙanta, ta Maleshiya, ta yankin Tailan da maƙwabtanta, sai ta kudancin Sin. Ta tsibirin Bali da ta Java da ta yankin tekun Kasfiya sun riga sun ƙare. Wannan asarar ce ta sa gidajen namun daji suka fara ɗaukar kowace damisa da ke hannunsu a matsayin amana.

Sanin asalin da rubutu ake yinsa, ba wani abu ba. Akwai littafin salsala na duniya na waɗannan damisoshi, kuma tun 1973 gidan namun daji na birnin Leipzig a Jamus ke riƙe da shi. Kowace damisa da ta shiga littafin tana da lambarta wadda ba ta sauyawa har ta mutu. Suna yana iya sauyawa, don ana ɗauke ta daga wannan gari zuwa wancan a raɗa mata sabo, amma lamba tana nan. A gaban lambar ana rubuta ko mace ce ko namiji, ranar haihuwa da wurin, lambar uba, lambar uwa, duk inda aka kai ta da ranar da aka kai ta, sannan ranar mutuwa da abin da ya kashe ta. Idan ka bi lambar uwa, ka bi ta uwar uwa, ka yi ta komawa baya, dole ka tsaya a kan wadda aka rubuta an kamo ta daga daji, a wuri kaza, a shekara kaza. Waɗannan da aka kamo su ne tushen zuriya, kuma a kansu aka gina dukan lissafin.

Dabarar ta girmi damisa. Masu dawakin sukuwa a Ingila suna da irin wannan littafi tun 1791. Naman daji na farko da aka yi wa shi ne ɓaunan Turai, bayan ya ƙare a daji a 1927: an fitar da littafinsa a 1932, kuma dubban da ke yawo yau a dazukan Turai duk daga dabbobi 12 suka fito. Yanzu kwamfuta ta sauƙaƙa aikin. Ƙungiyar Species360, wadda aka kafa a Amurka a 1974, tana da rumbun bayanai mai suna ZIMS da gidajen namun daji fiye da dubu ke zuba labarin dabbobinsu a ciki. Don kada a rikita wata da wata, ana saka wa kowace ƴar ƙaramar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, ana kuma ajiye hoton ratsinta, tunda babu damisa biyu masu ratsi iri ɗaya. In an yi shakkar uba, gwajin jini na ƙwayoyin gado yana raba gardama.

To, wa ake haɗawa da wa? A nan aikinka da nasu suka raba hanya, kuma nan ne na fi so ka tsaya ka duba. Kai idan za ka zaɓi bunsuru, wanda ya fi kyan jiki da jan gashi kake nema, wanda uwarsa ke yin tagwaye tana da nono, sauran ka dandaƙe su ko ka kai kasuwa. Haka cibiyar kiwon awaki ta nan Maraɗi take aiki, kuma daidai ne, domin ana son a tace iri ya ƙara amfani. Mai riƙe salsalar damisa kuwa ba tacewa yake so ba. Burinsa kada wani abu ya ɓace daga cikin abin da kakannin suka zo da shi daga daji, har wanda ido ba ya gani, domin ba wanda ya san wace ƙwayar gado ce za ta kare jikokinsu daga cutar da za ta ɓullo nan da shekara hamsin.

Ga yadda gadon ke zubewa. Kowane ɗa rabin abin da ke jikin uwarsa yake ɗauka. Idan damisar da aka kamo daga daji ta bar ɗa guda ta mutu, rabin gadonta ya tafi ke nan har abada. In ta bar biyu, ana sa ran an tsira da kashi 75 cikin 100. In ta bar huɗu, an haura kashi 90. Saboda haka ake lissafa wa kowace damisa mai rai yawan dangantakarta da dukan sauran da ke cikin shirin hayayyafa su. Wadda danginta suka cika ko'ina tana sauka ƙasan jeri. Wadda danginta ba su da yawa tana hawa sama. Sai ka tarar da wani tsohon namiji marar kyan gani, wanda uwarsa ƴar daji ce kuma shi kaɗai ta bari, ya fi daraja nesa ba kusa ba a kan wani ƙosasshe mai jikoki arba'in. Ƙosasshen a dakatar da shi, tsohon kuma a ɗauko masa mace a jirgin sama daga wata ƙasa. Bayan haka sai a duba kusancin su biyun. Ɗan da uba ya haifa da ƴarsa, ko wa da ƙanwarsa, yana da kashi 25 cikin 100 na haɗuwar jini. Wanda ƴan uba suka haifa kashi 12.5; wanda ƴaƴan wa da ƙane suka haifa kashi 6.25. Ana neman abin da ya yi ƙasa iyakar yadda zai yiwu. Ma'aunin da aka saba sawa a gaba shi ne a riƙe kashi 90 cikin 100 na gadon kakanni har shekara 100.

Shawarar ba a hannun mai gidan namun daji take ba. A Amurka akwai shirin haɗin gwiwa da aka fara a 1981, a Turai akwai makamancinsa tun 1985, kuma kowane tsatso yana da mai kula da shi wanda ke aika wa gidaje: wannan ta haihu bana, wannan a dasa mata maganin hana ɗaukar ciki, wannan a tura shi gari kaza. Hana haihuwar ba mugunta ba ce. Damisa tana ɗaukar ciki kwana 103 zuwa 105 ko kusa da haka, ta haifi biyu zuwa huɗu, kuma a keji tana iya kai shekara 20. In aka bar kowace ta haihu, wuri zai cika da ƴaƴan gida ɗaya, a rasa inda za a sa waɗanda ake buƙata.

Kwamfuta tana iya cewa sun dace, su kuma su ƙi. Ba banza aka yi wa damisa kirari da ƙi sabo ba, ita ma ta Asiyar zaman kaɗaici take yi. Ana ajiye su a ɗakuna maƙwabta da raga a tsakani, su ga juna su shaƙi juna, ana jiran mace ta shiga lokacin neman namiji, ana sauraron wani huci mai taushi da suke yi wa wanda suka yarda da shi. Duk da haka ana samun hasara. A watan Fabrairu na 2019, a gidan namun daji na Landan, wani namiji ɗan tsatson Sumatra mai suna Asim ya kashe macen da aka kawo shi dominta, Melati, cikin ƴan mintoci da buɗe ƙofa, bayan sun yi kwana goma suna maƙwabtaka.

Akwai inda lissafi ba ya iya ƙara abin da babu. Damisar kudancin Sin an daɗe ba a tabbatar da ganinta a daji ba, kuma duk waɗanda ke keji yau daga guda 6 da aka kamo suka fito. Kowace ƴar'uwar kowace ce, ana ta fama da ƙarancin haihuwa da mutuwar jarirai.

Yanzu ga farar. Ba tsatso ba ce mai zaman kanta, saboda haka babu wani irinta da zai ƙare. Damisar Bengal ce da ta gaji wata ɓoyayyar ƙwayar gado da ke hana launin ruwan goro fita; masu bincike a birnin Beijing sun gano ainihin ƙwayar a 2013. Farin ba ya bayyana sai ɗa ya gaje ta daga uwa da uba duka. A daji hakan ba safai yake faruwa ba. A 1951 Sarkin Rewa na tsakiyar Indiya, Martand Singh, ya kama wani farin jariri aka sa masa suna Mohan. An haɗa shi da wata mai launin da aka saba, Begum, ƴaƴan duk suka zo da ruwan goro. Sai aka haɗa shi da ƴarsa ta cikinsa, Radha, ta haifi farare huɗu a 1958. Ɗaya daga cikinsu, Mohini, an kai ta gidan namun daji na Washinton a 1960. Daga nan aka shiga haɗa uba da ƴa, wa da ƙanwa, domin farin ya ci gaba da fita, a Amurka kuma har aka gauraya su da ta Amur don su ƙara girma. Abin da ya biyo baya shi ne harara-garke, karkacewar ƙashin baya, tsagewar ganda, da jarirai masu mutuwa da wuri. Ka ƙara da wannan: idan iyaye biyu masu ruwan goro suna ɗauke da ƙwayar, ɗaya cikin huɗu ne ake sa ran zai zo fari. Sauran ukun, waɗanda mai neman kuɗi ba ya so, ba a nuna su a bidiyo, kuma wannan yana damuna ƙwarai. A 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana gidajen da ke ƙarƙashinta haɗa dangi don neman irin wannan launi.

Yawancin damisoshin da ke tsare a duniya ma ba sa cikin littafin. A Amurka an daɗe ana ƙiyasta dubbai a hannun ɗaiɗaikun mutane da masu wasan nuna dabbobi, akasari ƴan ruwa biyu da ba a san tsatsonsu ba, har sai da aka sa hannu a dokar hana mallakarsu a gida a watan Disamba na 2022. A Tailan, a 2016, hukuma ta kwashe damisoshi 147 daga wani wurin bauta da ke karɓar kuɗin ƴan kallo, ta tarar da gawar jarirai 40 a firji. Zuwa 2019, 86 daga cikin waɗanda aka kwashe sun mutu, kuma jami'ai sun ce haɗuwar jini na cikin abin da ya raunana su. Rashin takarda yana iya kai ɓarna har cikin daji. A 1976 an ɗauko wata mace mai suna Tara daga gidan namun daji na Twycross a Ingila aka kai ta dajin Dudhwa a Indiya a kan cewa ƴar Bengal ce, daga baya bincike ya nuna alamun jinin Amur a wasu damisoshin dajin.

Kada kuma ka ɗauka littafin yana mayar da damisa daji da kansa. Raƙuman dawa 8 da aka kawo gandun Gadabeji na jiharmu daga Kure a 2018, daga daji aka ɗauko su, sun san abincinsu. Mai cin nama da ta tashi ana miƙo mata abinci, ta saba da ganin mutum, sakinta hatsari ne gare ta da makiyaya. Shi ya sa da Kazakistan ta karɓi damisoshin Amur biyu daga Holand a 2024, don maye gurbin ta Kasfiya wadda jininsu ya yi kusa ƙwarai, ba su za a saka ba. Suna cikin babban shinge kusa da tafkin Balkhash, ƴaƴansu ake fatan su tashi nesa da mutane su koyi farauta.

In wani bidiyon ya sake zuwa, ƙanena, ka saurara ko an faɗi tsatson damisar, ko an ambaci shirin da ya ba da izinin haihuwar da gidan da aka kawo uban daga cikinsa. Gidan da ke cikin shirin yakan faɗi waɗannan da kansa. In kuwa ka ga ana miƙa wa ƴan kallo jariri suna ba shi madara a kwalba suna ɗaukar hoto, kada ka tura wa kowa. An raba shi da uwarsa ne tun yana ƴan kwanaki, domin ta yi saurin sake ɗaukar wani cikin, alhali a daji sai ya kai wajen shekara biyu yana bin ta.