Zumar Allah da hannun mutum: amsar tambayoyinku kan halitta, dawa da hali

Wata malama mai sayar da zuma da man kaɗanya a Tudun Wadan Zariya ta aiko da wannan: "Malam, kullum masu saye sai su ce mini, wannan na Allah ne ko haɗi ne? Zan buga takarda in manna a kwalba, 'yata ta ce in rubuta 'na halitta'. Hausa ce mai kyau?"

Malama, kada ki rubuta haka. Halitta aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da Mahalicci, kuma ta tattaro duk abin da Allah ya samar: ƙudan zuma, furen da ya sha, ke kanki, mai sayen, har da raken da aka yi sukarin da maha'inci ke narkawa ya zuba a zuma. Kalmar da ta haɗa kowa ba za ta tsame kayanki daga na maha'inci ba. Wasu kan gudu zuwa ɗabi'a, domin a Larabci tana ɗaukar ma'anar duniyar tsirrai da dabbobi, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta tsaya ga halayyar mutum. In kika ce zumar ɗabi'a, ba wanda zai gane ki a Kasuwar Sabon Gari. Abin da masu sayenki ke nufi muna da kalmominsa tuntuni: zalla, tsantsa, gangariya, ba algus. Rubuta "Zuma zalla, ba algus", kin gama magana.

Sai dai tambayar "na Allah ne?" ta cancanci a zauna a kanta. Bahaushe kan ce ruwan Allah, ciyawar Allah, wato abin da ba wanda zai ce guminsa ne ya samar. To zumarki fa? Wani ne ya saƙa amya, ya hau bishiya ya ɗaura ta, ya jira, ya koma da dare da hayaƙi. Man kaɗanya ya fi haka: a tsinto 'ya'ya, a dafa, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, a yi ta cuɗawa da ruwa har mai ya taso. Ita kanta kaɗanyar da ke tsaye a gona, ba kasafai ake shuka ta ba, amma ba da kanta ta tsira ba. Manomi ne ya zo sassabe, ya sare na sarewa, ya tsallake ta, ya tsallake ɗorawa saboda kalwar daddawa, ya bar kuka saboda miya, ya bar gawo saboda yana zubar da ganye da damina, bai yi wa shuka inuwa ba, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Duk wanda ya bi hanyar Shika zuwa Giwa ya ga itatuwan nan warwatse cikin gonaki, zaɓin kakanni yake kallo.

Shi ya sa nake jin ciwo idan aka ce Hausa ta gaza don ba ta da kalma guda mai nufin duniyar da ba mutum a cikinta. Ba gazawa ba ce. Mutumin da ya tashi tsakanin gona da rumbu bai taɓa ganin kansa a wajen halitta ba, balle ya nemi sunan inda ba ya nan. Iyakar da ya shata ita ce tsakanin gyara da ɓarna, kuma ita ce Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rum, aya ta 41, inda ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Wani ɗalibi daga Samaru ya tambaya: "Dawa ta tuwo da dawa ta mafarauta kalma ɗaya ce? Kuma me ya sa tsofaffi ke kiran sabon iri 'irin Bature' suna ƙyamarsa?"

Ɗalibi, kalmomi biyu ne, rubutun boko ne ya haɗa su don ba ya nuna tsawon wasali. Ta tuwo ana jan gaɓarta ta farko, ta mafarauta ba a ja. Ta biyun 'yar'uwar daji ce, kishiyar gari, ita ke cikin "naman dawa" da kirarin zaki, "manyan dawa".

Batun iri kuwa, ƙyamar tsofaffi ba wauta ba ce, sun san irin da suka gada ya san ƙasarsu. Amma mu faɗi gaskiya game da abin da muke kira namu na asali. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro ba sai bayan 1492. Mangwaro da dogon yaro daga yankin Indiya suke. Gero da dawa su ne 'yan gida, a Afirka aka fara noma su, amma su ma ciyayin daji ne da mutane suka yi dubban shekaru suna ware zangarniya mai kyau har suka zama abin da muke sussuka yau. Cibiyar binciken aikin gona da ke unguwarku, wadda ta faro a 1922 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wannan tsohon aikin zaɓe take yi da kayan zamani. Inda gardama ta yi zafi shi ne waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda aka sa wa ƙwayar gado daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don ya jure tsutsar da ke huda kwanso. Wannan mataki ne daban da ware zangarniya, kuma masu ɗari-ɗari suna da haƙƙin a saurare su. A nawa ganin, cewa "ba na Allah ba ne" ba ta isa hujja. A tambayi abin da yake yi wa mai ci, da ƙasa, da ƙudan zuma, da kuma wanda zai riƙe irin a hannunsa bayan shekara 20.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Rimin Tsiwa, cikin birnin Zariya: "An ce hali zanen dutse, an kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne za mu ɗauka?"

Baba, Allah ya ƙara girma, duka biyun za mu ɗauka, lokacinsu ne ya bambanta. Na icce ana faɗa wa mai ɗa ƙarami, don ya tashi tsaye kan tarbiyya. Na dutse ana faɗa wa wanda ke fama da babban mutum, don ya daina wahalar da kansa. A lura kuma da kalmar zane. Karin maganar ba ta ce hali dutse ba ne, ta ce zanen da ke jikin dutse ne, kuma zane samuwa yake yi bayan da babu shi. Ashe ko a nan magabata ba su raba abin da aka haifi mutum da shi da abin da gida ya sa masa ba. Haka "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": mutane na ɗaukarsa maganar jini kawai, alhali ɗan barewa a bayan uwarsa yake gudun. Ana kawo shi wajen yabo, a kan kawo shi kuma wajen zargi idan ɗa ya ɗauko mugun halin uba, don haka a duba wurin kafin a faɗa wa mutum shi a gaban jama'a.